Wace waƙar Japananci ce ta dace da magidanci a ɗakin karaoke?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni zama a Japan. Ina aikin horo a wani kamfanin kayan gyaran mota a gefen Nagoya, ga Disamba ta ƙarato, har an manna takardar bonenkai, walimar ƙarshen shekara. Abokin aikina ya gaya mini in an gama cin abinci za a zarce zagaye na biyu, wanda suke kira nijikai, kuma a sashenmu karaoke ake zuwa duk shekara, kowa sai ya riƙe makirfo, har shugaban sashe. Na haura arba'in da biyar, muryata mai kauri ce, ba ta hawa sama. Hiragana, wato rubutunsu mai sauƙi na gaɓa-gaɓa, ina karantawa a hankali, kanji kuwa, haruffan da suka aro daga Sin, sai ɗai-ɗai. Ba na so in yi waƙar Turanci, don mutanen nan sun yi mini halacci, ina so in yi musu abu da harshensu. Mazan sashen yawancinsu tsakanin shekara 40 da 55 suke. Me za ku zaɓa mini?

Ɗan Gwanjon Saitama: Wa alaikumus salam Yaya. Kada ka wahalar da kanka, ka ɗauki Ue o Muite Aruko ta Kyu Sakamoto. Tun 1961 take, amma babu ɗan Japan da bai san ta ba, daga yaro har tsoho. Gajera ce, ba ta da sauri, kalmominta suna ta maimaituwa, a tsakiya kuma akwai wurin fito da za ka huta. Ita ce ta hau saman jadawalin Billboard na Amurka a Yunin 1963, Turawa da sunan Sukiyaki suka san ta. Ka fara baitin farko kawai, za ka ji ɗakin ya ɗauka.

Tsohon Ɗalibin Tsukuba: Ban ƙi ta Ɗan Gwanjo ba, waƙa ce mai kyau, kuma mutumin ana ƙaunarsa har yau, musamman da yake yana cikin mutum 520 da suka rasu a haɗarin jirgin sama na 12 ga Agustan 1985. Sai dai Baban Ummi, ka lura da abu guda. Ita ce waƙar da kusan kowane baƙo yake yi. Za su yi maka tafi na ladabi, su ce ka iya, shi ke nan. In kana so ka shiga zuciyarsu, ka yi lissafin shekaru. Wanda yake da 50 yau, an haife shi a tsakiyar shekarun 1970 ne. Samartakarsa ta faɗo tsakanin 1988 da 2000, lokacin da ake sayen faifan CD miliyan-miliyan, ɗakunan karaoke suna ta buɗewa a kowace tashar jirgi. Waƙoƙin da ya yi da abokansa na jami'a, waɗanda ya saurara ranar da ya fara karɓar albashi, su ne za su motsa shi. Mu baƙi muna jin "magidancin Japan" sai tunaninmu ya tafi kan enka, wato tsohon salon waƙoƙinsu na bege da kewa, alhali enka ta mahaifinsa ce.

Tunda muryarka mai kauri ce, ka duba Masaharu Fukuyama. Sakurazaka, ta shekarar 2000, ta haura kwafi miliyan biyu, kuma a ƙasa-ƙasa take tafiya daga farko har ƙarshe, ba za ta sa ka ihu ba. Yana da wata ta 2011, Kazoku ni Naro yo, kan gina iyali, ana yawan sa ta a bikin aure. Ta dace da mutum mai 'ya'ya.

Alhajin Kobe: Ɗalibi, ka rage wa enka daraja da yawa. Ni na daɗe ina hulɗa da masu garejin rushe motoci da dillalan injuna, kuma a cikinsu ko ɗan shekara 45 in ya ji Kitaguni no Haru ta Masao Sen sai jikinsa ya yi sanyi. Waƙar 1977 ce. Labarin mutum ne da ke aiki a birni, mahaifiyarsa ta aiko masa da ɗan ƙunshin saƙo daga ƙauyensu na arewa, sai kewar gida ta taso masa. Ku tuna tun daga shekarun 1950 har tsakiyar 1970 jiragen ƙasa ne ake cikawa da yara 'yan ƙauyukan Tohoku, yankin arewa, da suka gama makaranta, a sauke su a tashar Ueno ta Tokyo su shiga masana'antu. Iyayen waɗannan mutanen da Baban Ummi yake aiki da su, da yawansu haka suka zo birni. Duk wanda ya taɓa cin rani ya san abin da waƙar ke faɗa, ba sai an fassara masa ba. Shi kansa mawaƙin ɗan Rikuzentakata ne a jihar Iwate, garin da igiyar ruwa ta 2011 ta yi wa mummunar ɓarna. Baƙo ya tsaya ya rera waƙar kewar gida a ƙasar da ba tasa ba, ai sun san ba wasa yake yi ba.

Tsohon Ɗalibin Tsukuba: Ranka ya daɗe Alhaji, a wannan waƙar ɗaya na sallama maka, don karinta mai sauƙi ne. Abin da nake ji masa tsoro shi ne enka mai nauyi. Ana lanƙwasa murya a tsakiyar gaɓa, abin da suke kira kobushi, sannan a ja sauti ɗaya da tsawo ana karkaɗa shi. Matsuri ta Saburo Kitajima, ta 1984, in ba ka da ƙirji da numfashi za ta kayar da kai a rabin hanya. Mutumin da ya hau dandalin Kohaku, gasar waƙa ta daren ƙarshen shekara a gidan talabijin na NHK, sau 50 ba a kwaikwayonsa cikin mako uku.

Alhajin Kobe: To ai Jero ya yi. Baƙar fata ne ɗan Pittsburgh ta Amurka, kakarsa 'yar Japan ita ta koya masa enka, ya fito da Umiyuki a 2008, a shekarar ya hau Kohaku. Tun daga nan in suka ga baƙin mutum ya zaɓi enka ba sa ɗauka raha ce.

Maman Sadiq: Alhaji, shi tun yana ƙaramin yaro yake yi a gaban kakarsa. Baban Ummi makonni ne a hannunsa.

Ni mijina a kamfani yake aiki a Yokohama, kuma da iyali muna zuwa karaoke da rana, mu da maƙwabtanmu. Abin da na gani da idona shi ne, waƙar da kowa zai iya yi maka amshi ta fi wadda za ka yi kai kaɗai ana kallonka. Sekai ni Hitotsu Dake no Hana ta SMAP, ta 2003, ta wuce kwafi miliyan uku, yara a makaranta ma suna yin ta, har da motsin hannu da kowa ya haddace. Da yake mutum biyar ne suka rera ta, ba abin kunya ba ne ka miƙa wa na kusa da kai makirfo na biyu ku raba baitoci. Maƙwabcinmu, mutum mai kunya wanda ko gaisuwa a ciki-ciki yake yi, ranar da aka sa ta sai da ya miƙe tsaye yana juya hannu tare da 'yarsa. In kana son mai natsuwa kuma, akwai Ito ta Miyuki Nakajima. Mace ce ta yi ta a 1992, amma maza da yawa sun sake rera ta, kuma tana kwatanta haɗuwar mutum biyu da zaren tsaye da na kwance a saƙa. Babu kalmar da za ka ji nauyin faɗa a gaban mata abokan aiki.

Mai Nasiha: 'Yan uwa, ku yi haƙuri in sa baki. Kowa yana ta ba da sunan waƙa, ba wanda ya tambayi ko ya kamata a je. Bonenkai wurin shan giya ne, nijikai kuma mutane sun riga sun yi nisa. Ga maganar kiɗa ita kanta, wadda malamai da yawa suka hana. Ɗan uwa, ka je ka ci abinci ka gaisa da mutane, in an tashi zagaye na biyu ka ce da su kana da uzuri. Ba wanda zai kore ka daga aiki. Ni haka nake yi, kuma mutuncina bai ragu a wurinsu ba.

Baban Ummi: Na gode Malam, Allah ya saka da alheri, kuma ban ɗauki maganarka da wasa ba. Sun san ba na sha, tun zuwana suke ajiye mini shayin oolong, shugaban sashe da kansa yake tambayar masu abinci ko akwai naman alade ko giyar girki a miya. Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5 a nan cikin Disamba, saboda haka Magariba da Lisha zan yi su kafin a zauna. Maganar kiɗa na san akwai saɓani a kai, na tambayi wanda na amince da iliminsa, na kuma tsaya inda zuciyata ta natsu. In na ga zaman ya canza kama zan tashi.

Tsohon Ɗalibin Tsukuba: Malam Mai Nasiha yana da gaskiya a kan cewa wuri ya bambanta da wuri, kuma ya kamata Baban Ummi ya tambaya tun yanzu. Akwai ɗakin karaoke na haya, irin na Big Echo ko Manekineko, ƙaramin ɗaki ne mai ƙofa, ku kaɗai, da kujeru a jikin bango da allo, a waje kuma akwai injin lemo da shayi. Akwai kuma ƙananan mashaya da suke kira sunakku, inda mace mai wurin ke zuba wa baƙi abin sha ana waƙa a gaban waɗanda ba ka sani ba. Na biyun ni ma ba na shiga. Sannan a cikin waƙoƙin kansu akwai waɗanda gaba ɗaya kan kwalba aka gina su, kamar Sake to Namida to Otoko to Onna ta Eigo Kawashima da Kita Sakaba ta Takashi Hosokawa. Magidantansu suna son su ƙwarai, amma ba sai kai ka rera ba. Haka waƙoƙin mutum biyu, mace da namiji, irin Ginza no Koi no Monogatari. In wani dattijo ya ce ka yi da wata ma'aikaciya, ka ce ba ka iya ba, ita ma za ta ji daɗin hakan.

Mai Nasiha: Na ji. Ni dai ra'ayina bai canza ba, amma na yaba da yadda aka amsa mini. Allah ya tsare mana imaninmu a ƙasar mutane.

Ɗan Damagaram: Amin Malam. Ni kuma bari in ƙarfafa wa Yaya gwiwa ta wajen harshe, don na ga kamar yana jin tsoron furuci. Bahaushe yana da sa'a a Japananci fiye da Bature. Wasulansu biyar ne, a, i, u, e, o, kamar namu, kuma suna bambanta dogo da gajere kamar yadda muke yi. Suna ninka baƙi, kamar yadda muke cewa "babba" ko "sannu", abin da yake ba Turawa wahala. Fu ɗinsu da leɓɓa biyu ake hura shi, daidai da namu. R ɗinsu harshe ne ke taɓa dasashi sau ɗaya, kusa da ta "rana". Abin da suke rubutawa chi da boko, "ci" ɗinmu ne. Wuri ɗaya za ka kiyaye: tsu. Namu ts da ƙarfi yake fita daga maƙogwaro, nasu sassauƙa ne, ka sake shi da iska. Sai kuma ka san a waƙa kowace gaɓa tana da nata bugu, har n da ke tsaye ita kaɗai ana ba ta lokacinta. In ka haɗiye ta za ka riga kiɗa.

A kan allo yawanci suna sa ƙananan hiragana a saman kanji, rubutun yana canza launi yana bin kiɗa. Amma kada ka dogara da karatu a wurin. Ka rubuta baitocin da boko a takarda, ka haddace, allo ya zama na tuni kawai.

Baban Ummi: Wallahi wannan ta amfane ni ƙanina. Wani a wurin aiki ya ambaci wata waƙa mai suna Subaru, ya ce duk baƙon da ya yi ta ya gama da su. Yaya kuka gani?

Alhajin Kobe: Shinji Tanimura, 1980. Waƙa ce mai girma, har a ƙasar Sin an san ta, shi ya rera ta a bikin buɗe baje kolin duniya na Shanghai a 2010. Ya rasu a Oktoban 2023. In kana da numfashi ka yi.

Tsohon Ɗalibin Tsukuba: Ni zan ce ka bar ta, saboda dalili biyu. Kalmominta na adabi ne na da, ba irin Japanancin da kake ji a ofis ba, haddarta za ta ci maka lokaci. Na biyu kuma ya fi muhimmanci: irin wannan waƙa ita ce manya suke riƙewa a matsayin tasu. Kusan kowane shugaban sashe yana da waƙa ɗaya da aka san shi da ita, wadda yake yi duk shekara. In ka riga shi sa ta a na'ura, ba zai ce komai ba, amma ka ɗauke masa abin da ya zo da shi. Ka ja abokin aikin nan naka gefe ka tambaye shi wace ce ta shugaba, wace ce ta mataimakinsa, ka kauce musu. Subaru, da Kanpai ta Tsuyoshi Nagabuchi, da Ruby no Yubiwa ta Akira Terao, su ne aka fi samu a hannun manya. In ka tabbatar babu mai ita, Ruby no Yubiwa ta 1981 kamar don muryarka aka yi ta, can ƙasa take farawa. Sai dai kiɗanta yana da ɗan zamiya, sai ka saurara da yawa kafin ka san inda ake shiga.

Akwai kuma waƙar da lokaci ke zaɓa mata wuri. Okuru Kotoba ta 1979 ta bankwana ce, ta watan Maris, sa'ad da ake yaye ɗalibai ana canza wa ma'aikata wurin aiki. Ka ajiye ta sai ranar da za ka bar kamfanin. Tsunami ta Southern All Stars, ta 2000, waƙar soyayya ce kuma tana cikin waɗanda suka fi ciniki a tarihinsu, amma sunanta na nufin irin igiyar ruwan nan, shi ya sa bayan bala'in 11 ga Maris 2011 gidajen rediyo da talabijin sun daɗe ba sa sa ta. Ba ka san wanda ya rasa ɗan uwa a cikin ɗakin ba. Kai baƙo kada ta fito daga hannunka.

Ƙanwar Kowa: Yayyena duk kun cika waƙoƙi masu sanyi. Ƙarshen shekara ne fa, mutane sun gaji da aiki, so suke su yi tsalle. Linda Linda ta The Blue Hearts, 1987. A hankali take farawa, sai ta ɓarke, amshinta kuma suna ɗaya ne ake ta nanatawa, ba ruwanka da iya murya. 'Yan hamsin ɗin nan suna sakandare ta fito. Ko waƙar buɗe Dragon Ball Z ta Hironobu Kageyama, 1989, za ka ga mai furfura ya koma yaro.

Maman Sadiq: Ƙanwata, wannan ta dace da ɗan talatin. Mutum mai kamala irin Baban Ummi, a karon farko, gara ya yi mai natsuwa. In wani ya sa Linda Linda sai ya ɗauki abin kaɗawa mai kacau-kacau da ake ajiyewa a ɗakin ya taya su. Taya wani ma shiga ce. Su a wurinsu wanda ya yi tafi ya saurari kowa bai duba waya ba, ya fi wanda ya iya waƙa ya sa biyu a jere.

Ɗan Gwanjon Saitama: Gaskiyar Maman Sadiq. Ai tun asali don irin su Yaya aka ƙera abin. Daisuke Inoue makaɗi ne a Kobe, yana yi wa 'yan kasuwa masu zuwa kulob kiɗa su rera, yana bin muryarsu yadda take. A 1971 ya haɗa akwatin da za ka jefa yen 100 ya ba ka kiɗa babu murya, bai ma yi masa rajistar mallaka ba. Magidanta masu fitowa daga ofis su ne kwastomominsa na farko, ba mawaƙa ba.

Ɗan Damagaram: Kuma na'urar tana taimako. Ko DAM ce ko Joysound, a jikin ɗan allon da ake zaɓen waƙa akwai maɓallin ɗaga kiɗa ko sauke shi, su suna ce masa kii. Kowane latsawa rabin mataki ne. Da wannan ko waƙoƙin masu siririyar murya za ka iya taɓawa, kamar Cherry ta Spitz, 1996, wadda duk ɗan shekara 45 ya haddace. Amma waƙoƙin ƙungiyar Mr. Children da sababbin nan irin Pretender ta 2019 ka bar su, tazarar da ke tsakanin ƙasansu da samansu ta yi faɗi, in ka sauke sama ya yi daidai sai ƙasa ya nutse. Shawarata ka je kai kaɗai da rana a ranar aiki ko da safiyar Asabar, lokacin kuɗin ɗaki ya fi sauƙi. Zuwa mutum ɗaya ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Ka gwada waƙa uku, ka rubuta lambar da ta yi maka daidai a kowace, ranar walima kana sa waƙar sai ka latsa abinka tun kafin baitin farko. Ka kashe na'urar ba da maki, tana sa mutum ya riƙa kallon layi maimakon mutane.

Baban Ummi: Allah ya bar zumunci, na samu fiye da abin da na nema. Zan haddace Sakurazaka a matsayin ta farko, in ajiye Kitaguni no Haru ta Alhaji ko za a sake zagayowa kaina. Gobe zan tambayi abokina ta shugaban sashe, da kuma irin wurin da za a je.

Alhajin Kobe: Madalla. In ka samu sarari bayan wannan, ka saurari na Okinawa, don suna da daɗi a murya mai kauri kuma karinsu daban yake, da ɗan garayarsu mai tsirkiya uku da ake rufe wa baki da fatar maciji. Nada Soso, Ryoko Moriyama ce ta rubuta ta don yayanta da ya rasu, 'yan ƙungiyar Begin na tsibirin Ishigaki suka sa mata kiɗa. Shima Uta ta The Boom kuma, ka san abin da take nufi kafin ka rera: a sama kamar waƙar rabuwar masoya, amma kan mutanen da suka mutu a kogunan dutse a yaƙin Okinawa na 1945 aka yi ta. Ba a yin ta da dariya.

Tsohon Ɗalibin Tsukuba: Ƙari ɗaya Baban Ummi. Kada ka zama na farko, kada kuma ka bari sai ƙarshe. Ka bari mutum uku ko huɗu su yi, sannan ka sa taka. Wayar da ke jikin bango za ta yi ƙara in saura kamar minti goma lokaci ya cika, daga nan waƙar rufewa ta kowa da kowa ce, yawanci babba ne ke zaɓa. Ka duba lokacin jirgin ƙarshe na layinku tun kafin ka shiga, don tasi daga tsakiyar Nagoya zuwa bayan gari da tsakar dare tana da tsada sosai.